Farantin roba, kwanso ko waya: wanne za a sa wa yaro a baki?

Ƙanwata ce ta kira ni bayan la'asar daga Tudun Wada, muryarta a sama. An yi wa ɗanta mai shekara tara farantin buɗa muƙamuƙi, ruwan hoda, da ɗan sukuru a tsakiya da wayoyi masu kama turame. Suna isa gida ta kwance ledar, wari ya buge ta.

"Yaya, wannan ai warin shagon masu sa farce ne. Shi zan sa wa yaro ya kwana da shi a baki?"

Hancinta bai yi mata ƙarya ba. Robar farce da robar farantin dangi ɗaya ne, akirilik. Ni aikina koyar da kimiyyar sinadarai, ba cire haƙori ba, don haka abin da ke tafe ba zai hana ka zama gaban likita ba. Amfaninsa ka je wurin likitan da tambayoyin da suka dace, ka kuma gane amsar idan ya ba ka.

Abin da ke fita daga robar

Akirilik gari ne da ruwa. Garin ƙananan ƙwayoyin roba ne da suka riga suka daskare. Ruwan shi ne metil-metakirilet, wanda 'yan lab, wato masu haɗa farantin, ke kira monoma, kuma shi ne mai warin. Idan aka haɗa su, ƙwayoyin monoma suna sarƙe juna su zama dogayen igiyoyi, kamar yadda ake zura duwatsun carbi a zare. Matsalar ita ce ba a taɓa zura su duka. Wasu suna rage a warwatse tsakanin igiyoyin, kuma da yawu ya jiƙa farantin sai su fara silalowa. Tare da su akwai ɗan ragowar sinadaran da ke tayar da haɗuwar, da ɗan fomaldehaid da ke samuwa idan iska ta taɓa fuskar robar tana daskarewa.

Robar da ta gama daskarewa tsohuwar abokiyar likitoci ce. Tun 1937 ake yin haƙoran roba da ita. A 1949 Harold Ridley ya dasa ta a idon mutum a Landan, bayan ya lura matuƙan jiragen yaƙin da ɓarɓashin gilashin akirilik ya shiga idonsu ba su samu kumburi ba. Har yau da yawa daga cikin dattawanmu da aka yi wa aikin yanar ido suna yawo da ita a idonsu. Wajen 1960 John Charnley ya riƙa liƙa ƙugun ƙarfe a ƙashi da simintin akirilik. Saboda haka zancenmu na ragowar da ba ta daskare ba ne.

Nawa ce wannan ragowa? Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ISO 20795 ta sa iyaka: kashi 2.2 cikin 100 ga robar haƙori da aka dafa, kashi 4.5 ga mai daskarewa da kanta, kashi 5 ga robar farantin daidaita haƙori. A ce farantin yaro ya kai giram 4, ragowarsa kashi 3. Ka ga miligiram 120 ke ciki gaba ɗaya, kuma mafi yawansa a ɗaure yake can cikin robar, ba zai taɓa fitowa ba. Na fuska ne ke fita, kuma da wuri yake fita. Wani bincike da aka buga a 1988 ya auna yawun mutanen da aka sa wa farantin roba mai daskarewa da kanta: monoma ta fi yawa a sa'ar farko, ana iya ganin burbushinta har mako guda, ba a kuma same ta a jini ko fitsari ba. Daga nan shawarar jiƙa faranti a ruwa na awa 24 kafin a sa ta samu gindin zama. Wadda aka haɗiye kuwa, jiki na farfasa ta cikin sauri, ƙarshenta ta fita a numfashi. Hukumar binciken cutar daji ta duniya, IARC, ba ta sa metil-metakirilet cikin jerin masu haddasa cutar daji ba. Fomaldehaid yana cikin jerin, amma hujjar ta fito ne daga ma'aikatan da suka shekara da shekaru suna shaƙarsa a masana'anta, kuma jikin ɗan Adam shi kansa yana yin ɗan kaɗan nasa kullum.

To me ya sa ake damuwa da yaro? Nauyinsa bai kai na babba ba, fatar bakinsa ta fi laushi, abin kuma yana zama a bakinsa awa goma sha biyu ko fiye a kullum, wata da watanni. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne alaji. Ba kasafai ake samunsa ba, amma idan jiki ya tsani dangin akirilik to ya tsane su ke nan har abada, kuma yaron nan wata rana zai buƙaci cikon haƙori ko wani aikin da ake yi da danginsu.

Ma'aunan da na bi

Na farko, kuma shi ke gaba da sauran, aikin da ake son abin ya yi. Farantin da ke buɗa muƙamuƙi, da ritena mai riƙe haƙora bayan an cire ƙarfen daidaitawa, da abin tsare gurbin turmin da aka cire kafin lokacin famfara, da mai hana tsotson yatsa, kowanne da irin kayan da suke iya aikinsa. Ba kowane zaɓi ne ke buɗe gare ka ba.

Na biyu, me ke fita daga jikinsa, nawa, kuma har yaushe. Na uku ƙarko, a bakin yaron da ke shan rake da gurguran goruba, a garin da zafin Maris da Afrilu ke kusantar digiri 40. Na huɗu sauƙi: sawa da cirewa, wanki, da inda za a gyara idan ya karye. Na biyar kuɗi. Kayan nan kusan duk daga waje ake shigo da su, farashinsu na bin dala, musamman tun da aka saki naira a Yunin 2023, don haka jera su na yi daga mai araha zuwa mai tsada. Na ƙarshe sauran haɗurran da ba na sinadari ba, waɗanda a ganina su suka fi cin yara: datti, ruɓewar haƙori, da ɓacewar abin.

Akirilik dafaffe

Ana kwaɓa robar, a danna ta cikin tukunyar ƙarfe mai filasta, a dafa a ruwa mai zafin digiri 74 na kimanin awa takwas, ko awa biyu sannan a ƙara awa guda a tafasa. Wannan tafasar ta ƙarshe ita ke cinye ragowar monoma. Idan an yi daidai, ragowar kan sauka ƙasa da kashi 1 cikin 100. Ta fuskar abin da ke fita, babu wanda ya kai shi tsabta cikin robobin da ake kwaɓawa da hannu.

Ya fi ƙarfi, ya fi riƙe launi, ramukan jikinsa sun fi ƙanƙanta, don haka wari da datti ba sa kama shi da wuri. Yana iya shekaru, har yaron ya girme shi.

Wahalarsa a lab take. Aikin kwana biyu ne ko fiye, kuma jera wayoyi da sukuru cikin filasta ba tare da sun goce ba sai gwani. Ga kuma batun wuta. Dahuwar awa takwas tana son zafi a tsaye, mu kuwa mun san halin da ake ciki. Wanda aka ɗauke wa wuta a tsakiya ya ce ai ta yi, ko wanda ya cusa tukunyar cikin tafasasshen ruwa tun farko don ya gama da wuri, zai fito da abin da sunansa dafaffe amma bai dahu ba. Monoma na tafasa a wajen digiri 100.8, idan zafin ya haura da sauri sai ta bar kumfa a cikin robar. Ɗaga farantin ka duba shi a hasken rana, kumfar tana nunawa kamar idon burodi. Kuɗinsa ya ɗara na mai daskarewa da kansa, ba da nisa sosai ba.

Akirilik mai daskarewa da kansa

Da shi ake yin mafi yawan farantan yara a ko'ina a duniya, har da ritena irin ta Hawley da aka sani tun 1919. Ana barbaɗa gari a kan samfurin bakin yaro, a ɗiga ruwa, a sake barbaɗawa, wani sinadari a cikin ruwan ya tayar da daskarewar ba tare da wuta ba. Yana da sauri, wayoyi na zama inda aka ajiye su, gyaransa na minti talatin ne. Shi ne mafi araha. Ragowar monomarsa kan kai kashi 3 zuwa 5, ninkin ba ninkin na dafaffe.

A nan zan ɗan daɗe, don a ƙarƙashin suna ɗaya akwai abubuwa uku da ba su yi kama ba.

Akwai wanda aka sa a tukunyar matsi, cikin ruwan ɗumi mai zafin digiri 40 zuwa 50, na wajen minti ashirin. Matsin yana hana kumfa, ruwan yana kare fuskar robar daga iska, ɗumin yana taimakon daskarewa. Idan aka goge shi ya yi sheƙi, aka jiƙa shi kwana guda, ni ba ni da fargabar sa wa ɗana shi. Wasu lab ɗin ma suna ƙara masa awa guda a ruwan da ya fi ɗumi don rage ragowar. Wannan aikinsu ne, kada a gwada a gida da ruwan buta.

Akwai wanda aka bari a kan tebur ya sha iska ya bushe. Iskar oksijin tana hana fuskar roba daskarewa sosai, sai ta fito da ramuka, da ragowa mai yawa, da wari mai naci. Irin wannan kan yi fari-fari kamar alli a wasu wurare, kuma yakan canza launi cikin 'yan watanni.

Na uku shi ne wanda ake kwaɓawa a dora a bakin mutum kai tsaye, ko don cike giɓi ko don gyaran farantin da ya yi sako-sako. Ɗanyar monoma ce ke taɓa dasashi, ga zafin da robar ke fitarwa tana daskarewa. Masu sa haƙori a bakin kasuwa haka suke yi. Ga yaro, wannan ba ya cikin zaɓi ko kyauta ne.

Wani abin da iyaye ba sa lura: duk lokacin da faranti ya karye aka liƙe, sabuwar roba aka sa, lissafin kwana guda a ruwa ya dawo sabo.

Kwanson roba garai-garai

Shi ne wanda ake kira Essix, ya yaɗu daga 1993. Fallen roba ne mai kaurin kusan milimita ɗaya da aka gama haɗawa tun a masana'anta. Ana ɗumama shi a matse a kan samfurin haƙora, a yanke. Ba a kwaɓa komai, don haka babu zancen ragowar metil-metakirilet, babu ƙarfe. Iyaye da yawa da sun ji haka sai su ce shi ke nan an huta.

Tsugune ba ta ƙare ba. Ya danganta da irin fallen. Polikabonet daga BPA ake gina shi, sinadarin da ke kwaikwayon hormon na jiki, wanda hukumar kula da lafiyar abinci ta Turai ta zabge iyakar shansa ƙwarai a 2023. PETG da polipropilin da poliyuritan ba daga BPA ake gina su ba. Tambayar ita ce a nuna maka kwalin fallen. Kwalin da ba suna ba lamba, ba wanda zai iya gaya maka me ke ciki.

Ƙarkonsa kaɗan ne. Yana tsagewa, yana hujewa a wurin tauna, yaron da ke cizon haƙora cikin barci zai cinye shi cikin watanni. Ba ya gyaruwa, sai sabo. Zafi kuwa maƙiyinsa ne: a bar shi a gaban mota a rana tsaka a kasuwar Sabon Gari, ko a wanke shi da ruwan zafi lokacin hunturu, ya lanƙwashe. Guda ɗaya ba tsada, amma idan ka haɗa sau biyu ko uku da za a sake, ya kamo faranti ya wuce.

Haɗarinsa babba na sukari ne. Yana rufe haƙora ruf, yawu ba ya wanke su. Yaro ya sha lemon kwalba ko kunun zaƙi da shi a baki, sai zaƙin ya kwanta tsakanin roba da haƙori har safe. Sannan bai dace da mai famfara ba: yau an auna, wata biyu haƙori ya faɗi wani ya tsiro, kwanso ya daina shiga. Sukurun buɗa muƙamuƙi ma ba shi da wurin zama a jikinsa.

Ƙarfe da waya da ake kafewa

Iri biyu aka fi gani. Zobe da ake sa wa turmi da ɗan madaukin waya mai tsare gurbin haƙorin da aka cire, da siririyar waya da ake liƙawa a bayan haƙoran gaba shida, daga fiƙa zuwa fiƙa. Na farkon yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Turmin yarinta na baya ba ya faɗuwa sai shekara 10 zuwa 12. Idan tsutsa ta ci shi aka cire a shekara shida ko bakwai, babban turmin da ya tsiro bayansa sai ya zamo gaba ya toshe wa mai zuwa hanya.

Babu farantin akirilik a nan, amma akwai nikel. Ƙarfen da ba ya tsatsa na haƙori yana da kimanin kashi 18 na kuromiyom da kashi 8 na nikel. Alajin nikel ya fi na akirilik yawa nesa ba kusa ba, kuma ya fi kama 'yan mata saboda hujin kunne da 'yan kunnen ƙarfe masu araha. Duk da haka fatar baki ta fi fatar jiki haƙuri da shi, yawancin masu wannan alaji suna zama da ƙarfen lafiya. A dai faɗa wa likita idan kunnen yarinya na ruwa da ƙaiƙayi duk lokacin da ta sa na kanti. Wurin da aka yi wa walda da dalmar azurfa ya fi sauran jikin sakin ƙarfe. Zoben ana kafe shi da siminti mai sakin fuloraid, wanda amfani ne ga haƙori. Wayar bayan haƙora kuwa da farin cikon haƙori ake liƙa ta, shi kuma yana iya sakin ɗan burbushin BPA a ranar farko. Goge fuskarsa da kurkure baki sosai bayan an gama yana rage wannan.

Daɗinsa yaro ba zai cire ya jefar ba, ba zai manta da shi a aljihun wando ba. Wuyarsa wanki, da abin da muke ci. A ƙasar rake da mazarƙwaila muke. Rake, goruba, aya, ƙuli-ƙuli, alewa mai danƙo da cingam duk suna ɓamɓare waya. Zoben da ya saki ba a lura ba, abinci na shiga ƙarƙashinsa haƙorin ya ruɓe a ɓoye. Dole a riƙa kai yaron dubawa kamar duk wata shida, a kuma cire zoben idan sabon haƙori ya leƙo. Kuɗinsa matsakaici ne, sai dai a lissafa da kuɗin zirga-zirga.

Wanda ake bugawa da firintar 3D

Ruwan roba ne da haske ke daskarar da shi fallo-fallo. Yana fitowa da danƙo, sai an wanke shi da sinadarin alkohol, a busar, a sake gasa shi a akwatin haske. Idan aka gajarta ɗaya daga cikin matakan nan, abin da ke fita daga jikinsa ya fi na tsohon akirilik yawan iri. Ɗaya daga cikin sinadaran da ake amfani da su a irin wannan roba, TPO, Tarayyar Turai ta hana sa shi a kayan kwalliya kamar jan farce daga 1 ga Satumba 2025. Haramcin bai shafi kayan haƙori ba, amma ya isa ya sa mutum ya yi tambaya. Shi ne mafi tsada, kuma bai daɗe a bakin yara ba balle a san halinsa na shekaru. A rarrabe: wani lokaci samfurin haƙoran kawai ake bugawa, a matsa kwanso a kai. A nan abin da yaro ke sawa kwanso ne, hukuncinsa na sama ne.

| Zaɓi | Abin da ke fita | Ƙarko | Sauƙi | Farashi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Akirilik dafaffe | Monoma kaɗan ƙwarai | Shekaru | Yana ɗaukar kwanaki a lab | Matsakaici | Dahuwar da ba ta kammala ba |
| Mai daskarewa da kansa, a tukunyar matsi | Monoma, galibi ranar farko | Mai kyau | Sauri, yana gyaruwa | Mafi araha | Sawa ba a jiƙa ba, datti |
| Mai daskarewa da kansa, a kan tebur | Monoma mai yawa, ta daɗe | Rauni | Sauri | Mafi araha | Ƙunar baki, wari, kumfa |
| Kwanso | Kaɗan, ya danganta da falle | Watanni zuwa shekara biyu | Sauƙin sawa, ba ya gyaruwa | Araha a farko, ana maimaitawa | Ruɓewar haƙori, zafi |
| Ƙarfe kafaffe | Nikel kaɗan, ɗan BPA daga abin liƙi | Shekaru | Ba ya ɓata, wanki da wuya | Matsakaici | Saki a ɓoye |
| Bugun 3D | Ya danganta da wanki da gashi | Ya bambanta | Sake bugawa ba wuya | Mafi tsada | Gajarta matakai |

Idan bakin yaro ya yi ja

Lokacin da abin ya fara shi ke nuna mai laifi. Raɗaɗi da ƙuna cikin awoyin farko na sabon faranti, galibi ragowar monoma ce: a cire, a jiƙa, a sanar da likita. Ja da ƙaiƙayi ko kumburin leɓe bayan kwana ɗaya zuwa uku, wanda ke dawowa duk lokacin da aka mayar, ya yi kama da alaji, likitan fata ne zai tabbatar da gwajin liƙa sinadarai a fatar bayan yaron. Kumburin fuska da sarƙewar numfashi kuwa asibiti ne nan take. Amma jan da ya bayyana bayan makonni, ba ciwo, ya zana siffar farantin a ganɗa, wannan yawanci naman gwari ne da ya samu mafaka a robar da ba a wankewa. Shi aka fi gani, kuma shi ake yawan ɗora wa sinadari laifinsa. Maganinsa buroshi mai laushi da sabulun ruwa da ruwan sanyi, safe da dare. Man goge baki yana karce roba, ruwan zafi yana lanƙwasa ta, bilic yana cin waya, ruwan kurkure baki mai alkohol yana tsattsaga ta.

Wa ya dace da wanne

Yaron da aka cire wa turmi ɗaya kafin lokaci: zobe da madauki. Babu roba, babu dogaro da ƙwaƙwalwar ɗan shekara bakwai.

Mai buƙatar buɗa muƙamuƙi ko tura haƙori ɗaya yana cikin famfara: farantin akirilik ne, kwanso ba zai yi ba. Ka tambaya ko lab ɗin na da tukunyar matsi, ka nemi a jiƙa shi kwana guda kafin ranar karɓa. Idan suna iya dafaffe kuma aljihu ya yarda, shi na fi so.

Matashin da aka cire wa ƙarfen daidaitawa, haƙoransa sun gama fitowa, kuma yana jin kunyar waya a gaban abokai: kwanso da aka san sunan fallensa, da sharaɗin ruwa kaɗai ake sha da shi. Irin wannan ba a jinkirta sa ritena, haƙora na komawa da sauri, don haka idan Hawley aka zaɓa jiƙon a lab za a yi shi tun kafin ranar.

Ɗan makarantar kwana, a Barewa ne ko wani wuri: abin da ake cirewa a nannaɗe a takarda a ɗakin cin abinci ba ya kai ƙarshen zango. Waya kafaffiya ta fi, a duba ta duk hutu.

Yarinyar da kunnenta ba ya shiri da ƙarfe: a faɗa tun farko, kwanso idan aikin ya yarda, ko waya marar nikel irin ta taitaniyom. Wadda farcen roba ya taɓa kumbura mata yatsu, ko yaron da aka tabbatar yana da alajin akirilik: a kauce wa mai daskarewa da kansa da bugun 3D, a gwada fata kafin a sa ko da dafaffe ne ko farin abin liƙi.

Jaririn da aka haifa da tsagaggiyar ganɗa kuma aka ce a yi masa faranti: wannan na asibitin koyarwa ne irin na Shika, inda likitocin muƙamuƙi da na yara suke wuri ɗaya, kuma a nan ne naci a kan dafaffe da jiƙo ya fi cancanta.

A kowane hali, likitan ya kasance mai rajista da majalisar likitoci ta ƙasa, MDCN, mai haɗa abin kuma mai rajista da hukumar masu fasahar haƙori. Ba rashin kunya ba ne ka ce a nuna maka gwangwanin garin da kwalbar ruwan ka duba ranar lalacewarsu.

Na ƙanwata kuwa, da ta koma ta tambaya, a tukunyar matsi aka yi shi, amma a safiyar ranar aka gama aka miƙo mata. Ta sa shi a kofin gilashi da ruwan sanyi daga daren Alhamis zuwa daren Juma'a, ta canza ruwan sau uku. Warin ya tafi, yaron ya sa bai ce uffan ba. Rigimar da ta rage a gidan ita ce ta ɗan makullin juya sukurun, wanda ya ɓace sau biyu kafin ta ɗaure shi a jikin makullin kicin.